Amfilifayar da Ba Ta Fita Aro

A gidanmu na unguwar Lamashegu a Tamale, in ka sayi abu, na kwana uku ne naka. Ran na huɗu wani zai yi sallama a ƙofar ɗakinka, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, sannan ya ce dama abin nan naka ne zai ɗan ara, yanzu-yanzu zai dawo da shi. Na san yanzu-yanzun da ta yi shekara biyu. Dutsen gugata ya dawo babu waya. Kujerun roba shida da na saya lokacin aurena, huɗu suka dawo, ɗaya daga ciki ma ba tawa ba ce. Rediyona mai kaset kuwa, wadda na fi so duk cikin kayana, ta tafi suna unguwar Gurugu tana waƙa, ta dawo tana tari. Ba wanda ya ce mini sannu. Da na yi magana sai aka ce ai kayan duniya ne, sai ka ce ni na ce na lahira ne.

Wanda ya ɗaure wa wannan ɗabi'a gindi a gidan shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi a bakin titi. Tun rasuwar babanmu gidan ke hannunsa, shi ya riƙe ni, shi ya koya mini tuƙa babur, shi ya kai ni wurin da na koyi sana'a. Ɗakinsa na kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Mutum ne da Allah bai sa wa "a'a" a baki ba. Tsaninsa ya hau rufin rabin gidajen unguwar, baronsa ya fi kwana a waje fiye da a gida. Da a kan kayansa abin ya tsaya, da ban damu ba. Amma in aka zo neman abin da ba shi da shi, sai ya nuna ƙofata da haɓa ya ce, "Je wajen ƙanina, yana da shi." Da bakinsa ake kyauta da kayana, shi a gode masa, ni in bi gida-gida ina nema. Ina ƙaunarsa, amma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sana'ata niƙa. Tun safe har la'asar ina tsaye gaban inji: masara, gero, dawa, waken ƙosai, wani lokaci har barkono mai sa mutum kuka ba a mutu masa ba. Wanda bai yi aikin nan ba yana zaton in an kashe inji ƙara ta ƙare. Ba ta ƙarewa. Biyo ka gida take yi, ta zauna cikin kai, kana cin tuwo tana nan, kana salla tana nan. Wata nas da ta leƙa kunnuwana ta ce na hagu ya soma gajiya, in ban bar inji ba wata rana zai yi shiru. In bar inji in ci me? Sai na ƙudura a raina cewa kafin kunnen ya tafi, zan ba shi abin kirki ya ji.

Ba ƙara nake nema ba, ƙara ina da ita a wurin aiki har ta yi yawa. Ina da tsofaffin kasusuwa da faya-fayai na goge da molo da kalangu. So nake in zauna bayan la'asar, in rage murya ƙasa-ƙasa, in ji lokacin da mai goge ke jan numfashi kafin ya shiga baiti. Na samu sifikoki biyu na katako a cikin kayan da ake kira hom-yus, wato kayan da Turawa suka gama mora aka loda mana a kwantena. Na samu dek mai juya kaset da faifai. Abin da ya rage amfilifaya, irin wadda masu kiɗan biki ke kira pawa. Ita ba ta waƙa da kanta, 'yar muryar dek take karɓa ta ba ta ƙarfi ta tura wa sifika. Wata biyar sifikokin nan suna jiran ta a lulluɓe, har maiɗakina ta mai da kan ɗaya wurin ajiye kwanukan miya.

Wani tsohon Badagombe ne ke sayar da irinsu a bayan kasuwa. Asalinsa mai gyaran rediyo ne, shagonsa cike da gawarwakin talabijin, da ƙyar mutum biyu ke samun wurin tsayawa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa kuma "Masa" yake ce masa, wato maigida. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya tambayi girman ɗakina, ya tambayi lambar da aka rubuta a bayan sifikokin, na ce takwas. Ya gyaɗa kai. Sai ya yi mini tambayar da ban zata ba.

"Masa, kai gidan haya kake ko gidan famili?"

Na ce gidan famili.

Ya ce, "Ayyo. To kai ba da kunne kaɗai za ka zaɓa ba."

Ban gane ba a lokacin. Ya jawo guda uku ya jera a kan benci.

Ta farko irin ta masu kiɗan biki ce, mai hannaye biyu a gaba da fitilu ja da kore masu tsalle da kiɗa. Da ya kunna ta, fankar cikinta ta tashi da huci. Na ce a kashe. Na baro inji a wurin aiki, ba zan saya wa kaina ƙaninsa in kai ɗaki ba.

Ta biyu sai ƙyalli, kamar yau aka fito da ita daga kwali. An rubuta mata wata lamba mai sifiri uku a goshi da manyan haruffa. Har na fara murmushi. Tsohon ya ce in ɗaga ta. Na ɗaga da hannu ɗaya, kwanon garin da nake aunawa ya fi ta nauyi. Ya ce, "Ka ji ko? Rubutu ba shi da tsada. Jan ƙarfe ne ke da tsada, kuma babu shi a ciki ko kaɗan kuraa." Ya juya ta ya nuna mini kawunan sukuru, duk sun gurje. Ya ce hannu da yawa sun shiga cikinta kafin ta iso Tamale. Ya sa ni na kai hanci wurin ramukan iska. Ƙauri-ƙauri na ji, irin na tuwon da ya kama.

Ta ukun ko kallonta ban yi ba da farko. Baƙa ce, fentin gefe ya kankare, wata kusurwa ta lotse. Babu hannu, babu ado, makunni ɗaya ne tak da wata 'yar fitila kamar ƙwayar gero. Da na zo ɗaga ta sai da na ce wash. Tsohon ya yi dariya. Ya duba rubutun bayanta ya tabbatar irin wutarmu take ci, don akwai waɗanda aka yi wa wutar wata ƙasa, kana jona su sai hayaƙi. Ya haɗa ta da sifikokinsa ya danna makunni. Shiru. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai na ji ƙas daga cikinta. Ya ɗaga yatsa ya ce wannan ƙas ɗin ita ce shaidar lafiya, sai ta tabbatar komai daidai kafin ta buɗe wa sifika hanya. Ya sa ni na manna kunnena na dama a jikin sifika ba tare da an sa waƙa ba. Babu gurnani, babu tsaki. Ya gwada ɓangaren hagu shi kaɗai, ya gwada na dama shi kaɗai. Ya bar ta tana aiki har na je na ci wake da shinkafa na dawo, ya ce in taɓa bayanta. Ɗumi kawai, kamar goshin mai lafiya.

Sannan na zaro kaset ɗin gogena daga aljihu. Kaset ɗin da na ji ya fi sau ɗari. Ashe akwai wata mata a can baya tana tafi, ban taɓa sanin tana nan ba. Ashe mai gogen yana buga ƙafa a ƙasa. Na tsaya cikin shagon nan mai warin dalma, na ji idona ya kawo ruwa, na ce garin barkono ne bai gama fita ba.

Kafin ya ɗaure mini ita, tsohon ya nuna mini wani ɗan murfi zagayayye a baya. Ya murɗe shi, ya zaro 'yar kwalba siririya da ba ta kai gaɓar yatsa ba. Ya ce wannan fiyus ne, in wuta ta yi hauka shi ke mutuwa a madadin pawa, in babu shi kuwa ko fitila ba za ta kawo ba. Ya mayar. Sai ya dawo kan maganarsa ta farko.

"Mutane da ido suke aro, Masa. In ka ɗauki mai laiti-laitin nan, kafin Juma'a ya je bikin amaliya uku. Wannan mummuna ne paa. Wanda ya gan shi zai ce tsohon batir ne. Shi ne naka."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce yau na gamu da malamin da ya san ciwona. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ni da tsohon muka manta shi ne sana'ar yayana. Da keken kaya ya sauke ni a ƙofar gida, Yaya ne ya fito ya kama mini. Ya ɗauki ɓangaren da ya fi nauyi, kamar kullum. Taku biyu ya yi ya tsaya, ya ɗan jijjiga ta a hannu, ya dube ni. Mutumin da ya yi rayuwarsa da injin walda ba a ɓoye masa taransifoma. Ya ce, "Kai, wannan akwai jan ƙarfe a cikinsa. Ka iya zaɓe." Ya ji daɗi ƙwarai, har fuskarsa ta nuna. Kwana biyu bayan haka ya shigo da teburin ƙarfe mai hawa biyu da ya ƙera da kansa, ya shafe shi da baƙin fenti, ya sa masa roba a ƙafafu don kar ya kankare daɓe. Ya ce abu irin wannan ba a ajiye shi a ƙasa.

Wata uku na yi cikin daɗi. In na dawo na yi wanka na fitar da gari daga hanci da kunne, sai in zauna tsakanin sifikokin nan har kiran magariba. Wani lokaci Yaya ya kan jawo kujera ya zauna a bakin ƙofata yana sauraro yana gyara carbi. Ya kan ce in ƙara murya, in ce haka ake jin sa. Ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi doki yana tafiyar jaki da shi ba.

Sai babbar 'yarsa ta haihu, namiji, jikansa na fari. Ran Laraba da safe ina shan koko ya yi sallama. Bai aiko kowa ba, bai kuma yi magana daga tsakar gida ba kamar yadda ya saba. Shigowa ya yi ya zauna. Ya ce ran Asabar suna, yana so malamai su yi addu'a da pawata, a ji su har bakin titi. Ya ce, "Ni da kaina zan tsaya a kansa. Ba wanda zai sa hannu." A iya sanina wannan ne karo na farko da ya roƙi wani abu nawa don kansa.

Na ce to. Me zan ce? A gidanmu ƙani ba ya duban idon wansa ya ce a'a.

Amma na san yadda suna ke tafiya, ba yau na fara gani ba. Da safe malamai ne, lafiya lau. Da hantsi mai gida ya tafi wurin yankan rago da rabon nama da karɓar baƙi, ya manta da sunansa ma balle pawa. Da la'asar mata su karɓi fili, sai wani ɗan dangi da ke ganin kansa gwanin kiɗa ya jona sifika shida a wurin biyu, ya murɗe murya har ƙarshe. Haka aka kashe rediyona. Kwana biyu ina niƙa ina saƙa da warwara, gero ya zube mini sau biyu. Ina ta ce wa kaina: abu ɗaya, abu ɗaya tak a duniyar nan, ba za a bar mini ba? Kuma har yau in aka tambaye ni, zan ce tambayar ba ta banza ba ce.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na rufe ƙofa, na murɗe ɗan murfin nan, na zare fiyus na jefa shi cikin gwangwanin allurai. Maiɗakina na zaune tana tsince shinkafa. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta mayar. Ta ce, "Ni dai ban ga komai ba, kuma kar a kira ni shaida."

Na leƙa na kira Yaya. Na danna makunni a gabansa, sau ɗaya, sau biyu. Babu fitila, babu ƙas. Na ce ina jin wutar da aka ɗauke jiya aka dawo da ita da ƙarfi ce ta buge ta. Ya durƙusa da farar rigarsa ta Juma'a, ya kara kunne, ya shinshina, ya duba soket. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe bai ce uffan game da suna ba. Hannu ya ɗora mini a kafaɗa ya ce, "Sannu. Wallahi na san yadda kake son abin nan. Sannu." Duk kayana da aka lalata a gidan nan ba a taɓa ce mini sannu ba, sai a kan wanda lafiyarsa lau.

Aka yi suna da kayan haya. Kamar yadda na faɗa, da la'asar aka murɗe murya har kwanon rufi na rawa, sifika ɗaya ta fashe kafin magariba. Ina jidar benci ina jin daɗi a raina. Na ce da yanzu tawa ce.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Ran Lahadi na dawo da niyyar mayar da fiyus, sai na tsaya da shi a hannu. Tsakar gidanmu in ka yi atishawa a ɗaki sai an ce maka yarhamukallahu daga ɗaki uku. In kunna ta kwana ɗaya bayan suna, in ce aljanu ne suka gyara? Na mayar da shi gwangwani, na ce bari a yi wata guda, sai in ɗauke ta in zaga gari da ita in dawo in ce an gyara. Na zauna gaban pawar da ta fi kowace kyau a Lamashegu, babu abin da nake ji sai injin cikin kaina. Maiɗakina ta ce, "Ka saya wa kunne abinci, ka sa shi azumi."

Yaya kuwa abin ya tsaya masa a rai. Kullum sai ya tambaya ko na kai ta gyara. In ce aiki ya yi yawa, sai mako mai zuwa. Ya ce gidan ya yi shiru, ya ce na rame. Ya ce ko a kansa abin ya faru, tunda shi ya sa mata ido. Na ce haba Yaya, ƙaddara ce. Ina faɗa ina jin kunyar bakina.

Ran wata Talata na dawo da la'asar, fari fat da gari, na tarar da wayoyin bayanta an sake jera su, an naɗe su tsaf irin naɗin mai walda. Maiɗakina ta ce da hantsi ya zo da keken kaya. Ta ce, "Yayanka ne, ya ce zai kai maka gyara. In tare ƙofa?" Na fito tsakar gida. Yana tsugune da buta yana alwala. Bai jira na tambaya ba.

"An gyara."

Na ce, "Me ya same ta, Yaya?"

Ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu. Ya ce, "Ƙaramin abu ne." Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Na koma na danna makunni. Ɗaya, biyu, uku, ƙas. Ban sa kaset ba.

Washegari ban buɗe inji da wuri ba, na wuce bayan kasuwa. A garin nan mai taɓa irin wannan kaya tsohon nan ne, na san can za a kai ta. Yana ganina ya ajiye ƙarfen dalmarsa, bai amsa gaisuwata da fara'ar da ba. Ya ce wana ya kawo ta, ya ce a yi duk abin da za a yi, ƙaninsa ba ya cin abinci saboda ita. Shi kuma ya fara da inda kowane mai gyara ke farawa, ya murɗe murfin fiyus a gabansa. Rami wayam.

"Da na sani, Masa, da na ce ya je ya dawo. Amma hannuna ya riga kaina. Ya duba ramin, ya duba, ya duba. Ya ce mini, fiyus yana fita da kansa? Na ce wani lokaci cikin kwantena, jirgi na girgiza, yana faɗuwa. Ya ce, amma wata uku yana waƙa a gidana." Tsohon ya share hannu da tsumma. "Na sa sabo. Ya ɗauka. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, kar ka gaya masa na gani."

Na ce to me ya sa ka gaya mini?

Ya ce, "Ni na ce ka sayi mummuna. Ban ce ka yi wannan ba."

Na jira faɗa, bai zo ba. Da ma ya zage ni. Da ya tara dangi ya ce ga abin da ƙanina ya yi mini, da na sha kunya ta yini ɗaya, a ba shi haƙuri, a wuce wurin. Bai yi ba. Gaisuwa ba ta ragu ba, cikakkiya, har da tambayar aiki. Naman salla na zuwa ɗakina kamar da. Abu ɗaya ne ya canja: ba a ƙara sallama a ƙofata don aro ba. Ya daina nuna ɗakina da haɓa. Kujeruna suka zauna, dutsen gugata ya zauna da wayarsa. Abin da na shekara ina roƙon Allah ke nan, kuma da farko har na ce alhamdu lillahi.

Sai wata safiya na gan shi ya shigo daga gidan maƙwabta riƙe da dutsen guga, zai goge rigar ɗaurin aure. Nawa na kan tebur, taku goma daga ƙofarsa. Na ce, "Yaya, ai ga nawa." Ya ce, "Ba komai, na riga na karɓo." Kujerar da yake jawowa bakin ƙofata ma ba ta ƙara zuwa ba. Ina sa kaset ɗin goge, matar nan na tafi a baya, ni kuwa kunnena na tsakar gida ina sauraron ko zai fito. Sau da yawa na shirya in je in durƙusa in faɗi gaskiya. Amma shi ya ce kar a gaya mini ya gani. Ya rufa mini asiri, in na je na buɗe, na tona har da rufin da ya yi. Haka na riƙa gaya wa kaina. Wataƙila tsoro ne kawai.

Bayan 'yan shekaru na yi ɗakuna biyu a unguwar Vittin na tashi. Shi ya ƙera mini ƙofar gida, shi ya zo ya kafa ta. Da ya gama na ce ya shigo falo ya huta, ya ce jikinsa duk datti, a baranda ya sha ruwa. A Vittin kowa na bayan katangarsa, ba mai aron ko ashana. Zan iya murɗe murya yadda na ga dama. Kunnen hagu kuwa ya cika alkawarin da nas ta yi masa, yanzu sifika biyu nake da su amma ɗaya nake ji.

Bara aka sa ranar auren autar Yaya. Saura kwana biyu biki, na kira keken kaya, na loda pawar da sifikokin biyu da dek, duka, har da teburin da ya ƙera. Ba wanda ya tambaye ni. Maiɗakina ta tsaya a ƙofa tana kallo, wannan karon ba ta yi ba'a ba. Muka bi titi a hankali har Lamashegu, ina zaune a baya na rungume ta saboda ramuka.

Yana ƙofar gida ana kafa rumfa. Ya tsufa, walda ta ci masa ido. Ya matso, ya ɗora tafin hannu a kanta, ya share ƙurar hanya da gefen hannun rigarsa.

"Har yanzu yana aiki?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Na biki na kawo. A sa ta tun safe har a watse, duk wanda ya ga dama ya murɗa."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. Amma mai da shi gida, kar a ɓata maka. Mun riga mun yi magana da masu haya."

Na ce, "Yaya, ni na kawo da kaina."

Ya ce, "Na gani."

Na riga na sauke ta ƙasa, don haka sai da aka sake ɗagawa. Ya kama ɓangaren da ya fi nauyi. Da muka ɗora, ya ga ba a ɗaure ba, ya yi tsaki ya ce haka ake tafiya da kaya mai daraja? Ya shiga gida ya fito da igiyarsa, doguwar nan ta nailan da ta ɗaure akuyoyi da katifun rabin unguwa, wadda kowa ke ara ya dawo da ita in ya tuna. Ya zagaya keken ya ɗaure ta tam, ya ja ya gwada.

Na ce, "Gobe in na zo zan taho maka da igiyar."

Dalili nake nema, ko na igiya ne, in yi sallama a ƙofarsa da abinsa a hannuna kamar kowa.

Ya buga gefen keken alamar mai tuƙi ya tafi. Ya ce, "A'a, riƙe ta. Ba aro ba ne, na bar maka."